EasyCap ko Elgato: wacce za a saya don juya kaset ɗin bidiyo zuwa faifan DVD?

Malam, na ga tambayarka a zauren nan. Ka ce akwai kwali guda na kaset ɗin bidiyo da marigayi mahaifinku ya bari a gidanku na Mabera, na bukukuwan aure da saukar Alƙur'ani da dawowarsa daga Hajji, kana son mayar da su faifan DVD, an nuna maka EasyCap mai araha da Elgato mai tsada, ka rasa wadda za ka ɗauka. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Aikinsu ɗaya ne. Wayoyi uku ke fitowa daga bayan bidiyo, ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti, su shiga na'urar, ita kuma ta shiga kwamfuta ta USB. Bambancin yana ga abin da kowacce ke yi wa hoton kafin ya isa hannunka.

EasyCap ba kamfani ɗaya ke yin ta ba. Suna ne da masana'antu da yawa ke bugawa a kwali, sai ka samu guda biyu kamanninsu ɗaya amma kayan cikinsu daban. Wata za ta yi aiki lafiya, wata kwamfutarka ba za ta ma gane ta ba. Abin da ya fi damuna da ita shi ne sauti: a kaset mai tsawo yakan zame daga hoton, baki ya motsa, magana ta biyo baya. A bidiyon biki ana iya haƙuri da wannan. A saukar karatu kuwa, inda muryar yaro da ta malaminsa su ne abin da ake son adanawa, ban ba ka shawara ba.

Elgato ta fi ta aminci nesa ba kusa ba, kuma manhajarta tana jan mutum mataki-mataki har ya gama. Sai dai ba don faifai aka tsara ta ba. Tana fitar da hoto mai girman 640x480 a tsarin matse bidiyo na H.264, wanda ya dace da waya da WhatsApp. Kaset ɗinmu na Najeriya kuwa a tsarin talabijin na PAL yake, hoto 25 a daƙiƙa, kuma faifan DVD na PAL yana son 720x576 a tsarin matsewa na MPEG-2. Ka ga ke nan za a rage hoton a matse shi, sannan a sake buɗa shi a sake matsewa kafin ya hau faifai. Hoton kaset da ma ba ƙarfi gare shi ba, balle an tauye shi sau biyu. Fuskokin mutanen da ke nesa da kyamara su za su fara dushewa.

Tunda faifai kake nufi, ni da zan zaɓa maka, ta uku zan ce ka nema: GV-USB2 ta kamfanin I-O Data na Japan, ko USB-Live2 ta Hauppauge. Suna ɗaukar 720x576 yadda ya fito, ka naɗa da manhajar VirtualDub, kyauta ce, sannan ka matse sau ɗaya tak ka haɗa faifan da manhajar DVDStyler. Wahalarsu ita ce saiti, da kuma cin wuri, don awa ɗaya kan kai wajen gigabait 30. Idan ka ji ana yabon Canopus ADVC-110, yabon gaskiya ne, sautinta ba ya zamewa, awa ɗaya gigabait 13. Amma ta wata tsohuwar kafar kwamfuta mai suna FireWire take shiga, laptop ɗin yanzu ba su da wannan kafa, kuma wayar nan da ake sayarwa wai mai juya FireWire zuwa USB ba ta aiki. Kada ka kashe kuɗinka a kanta.

Duk na'urar da ka saya, ba za ta gyara abin da bidiyon ya ɓata ba. Kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina tun 2016, don haka tsoho za ka samu, kuma ƙurar hunturunmu ta Sakkwato ba ta barin cikinsa. Kai shi wurin mai gyaran rediyo da talabijin ya goge kan da ke karanta kaset, ya duba bel. Idan hoton yana karkacewa daga sama ko yana rawa, a ratsa da shi ta cikin rikodar DVD ta Panasonic, DMR-ES10 ko ES15, tana miƙar da shi kafin ya isa kwamfuta. Kaset ɗin Hajjin nan ma ka duba shi da kyau. Idan a Saudiyya aka naɗe shi, mai yiwuwa a wani tsari daban mai suna MESECAM yake, ba PAL ba, zai fito baƙi da fari sai an sa shi a bidiyo mai karanta tsari da yawa, irin wanda alhazai suka riƙa shigowa da shi.

Ba a gaggauta wannan aiki. Kaset mai lamba E-180 awa uku ne, awa uku kuma zai ɗauka. Laptop tana da batir, bidiyo ba shi da shi, saboda haka jona shi da inbata ko sola, kada a ɗauke wuta kaset yana ciki. A watannin bazara yi da sassafe kafin ɗaki ya ɗau zafi. Faifai ɗaya gigabait 4.7 ne, kada ka ɗora masa fiye da awa biyu, raba kaset mai awa uku gida biyu. Ajiye kwafi a ma'ajiyar kwamfuta, wato hard disk, domin faifai yana karcewa, kuma kada a zubar da kaset ɗin bayan an gama.

Kafin ka sa na mahaifinku, fara gwada bidiyon da wani kaset da ba ka damu da shi ba. Bidiyon da ya daɗe a ajiye yakan tauna zare, kuma inda ya tauna ba ya dawowa.