Sharhina kan Skeptoid, podkas ɗin da ke bin diddigin labaran almara

Jama'a ga mai son ya san ko Skeptoid ya cancanci datarsa, amsata ita ce eh, amma da 'yan ƙorafe-ƙorafe. Wani Ba'amurke ne mai suna Brian Dunning yake yinsa tun 2006, duk sati yana sakin ɗaya, kuma gajeru ne, kamar minti goma sha wani abu, kafin ka fita daga go-sulo ɗin safe an gama. Aikinsa shi ne ya ɗauko labarin da mutane suka yi imani da shi, fatalwa ne ko dodon tafki ko halittun wata duniya ko maganin da ake cewa yana warkar da komai, ya zauna ya tono daga ina aka faro.

Abin da ya kama ni shi ne tambayar da yake fara yi. Mu da an ba mu labarin mamaki sai mu hau gardamar ta yaya hakan ya faru, shi kuwa sai ya ce tsaya tukuna, abin ya faru ma kuwa? wa ya fara faɗa, a wace jarida, wace shekara? Wallahi rabin labaran a nan suke mutuwa.

Ɗauki Bermuda Triangle, wato yankin tekun nan na gabashin Amurka da ake cewa jirage na ɓacewa a cikinsa, wanda a majalisa za ka ji ana rantsuwa nan ce fadar Iblis, wasu su ce Dujal ne a ɗaure a wurin. Sunan kansa bai tsufa ba, wani marubuci Vincent Gaddis ne ya laƙaba shi a wata mujalla a 1964. Labarin da aka fi kafa hujja da shi kuma na jiragen sama na sojan ruwan Amurka ne guda 5 da suka tashi atisaye daga Fort Lauderdale ranar 5 ga Disamba 1945 da mutum 14, kuma hirarsu ta rediyo tana nan a rubuce: jagoransu Charles Taylor ya rikice, yana ganin kamfas ɗinsa ya lalace, ya ɗauka yana saman tsibiran Florida Keys ne alhali yana can wajen Bahamas, suka yi ta yawo dare ya yi, teku ta hautsine, mai ya ƙare. Jirgin da aka tura nemansu da mutum 13 shi ma ya ɓace, wani jirgin ruwa kuma ya ga tashin wuta a sama a daidai lokacin. Daga baya wani ma'aikacin laburare, Larry Kusche, ya bi tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya ya fitar da littafi a 1975, ya tarar wasu haɗurran a wata tekun daban suka faru, wasu cikin guguwa aka yi su amma masu ba da labari suka ce ruwa lumui, wasu ma babu alamar an taɓa yinsu. To ka ji. Wuri ne dai mai yawan zirga-zirga da guguwa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na makarantar Ariel da ke garin Ruwa a Zimbabwe, inda a Satumbar 1994 yara 62 suka ce sun ga wani abu ya sauka a bayan filin wasa da wasu halittu. Bai ce yaran maƙaryata ba ne, nan ya burge ni. Ya nuna cewa kwana biyu kafin nan ɓaraguzan wata roka ta Rasha sun faɗo suna ci da wuta a sararin kudancin Afirka, gari ya ɗauka da zancen baƙi daga sama, sannan matar da ta fara yi wa yaran tambayoyi a tare ta tara su kowa na jin amsar ɗan'uwansa, shi kuma John Mack, likitan jami'ar Harvard da shi ma ya yi hira da yaran, sai bayan kusan wata biyu ya iso. Duk wanda ya taɓa sasanta faɗan yara ya san in ka tambaye su a gaban juna labari ɗaya za ka samu.

Yanzu ƙorafi. Turancinsa na gudu, ga lafazin Amurka, in kunnenka bai saba ba za ka sha wuya, sai dai sun kyauta da suke saka rubutun kowane shiri a shafinsu kyauta har da inda ya samo bayanai, ni nakan buɗe ina karantawa ina ji. Akwai talla a tsakiya sai in ka biya. Tsofaffin shirye-shiryen kuma akwai gatse da yawa, irin na wanda yake ganin ya fi kowa wayo, na baya-bayan nan sun fi natsuwa. Sannan mutumin ba mai addini ba ne, in ya taɓo abin da ya shafi gaibu ka san da wa kake zaune, ni dai ba wurinsa nake ɗaukar aƙida ba, yadda ake tantance labari nake koya. Kuma gara ka ji daga bakina: a 2013 ya amsa laifin damfara kan kuɗin talla na shafin saye da sayarwa na eBay, a 2014 aka yanke masa wata 15 a gidan yari. Shi ya sa in ya faɗi abu mai nauyi nake leƙa majiyar da kaina.

Babban abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kuwa, yawancin batutuwan nasu ne na can. Ina ruwana da Bigfoot, dodon dajin Amurka? Mu nan muna da lambar wayar da aka ce in ka ɗaga za ka mutu, da masu neman jan makuri a tsohon dutsen guga da keken ɗinki, da zargin satar mazakuta da ake dukan bayin Allah a kasuwa a kansa har a rasa rai. Waɗannan ne ke buƙatar mai tonawa da Hausa, da ladabi, wanda zai je ya tambayi likitan da ya duba mutumin. Ina ba shi huɗu cikin biyar, in za ka gwada ka fara da na Zimbabwe ɗin.