Hattara da mai tallan "ruwan seleniyam" a barandar asibiti

Jama'a, duk mai jinyar wani a sashen kulawa ta musamman, ya karanta wannan kafin ya sa hannu a aljihu.

Matar yayana ta haihu, kwana huɗu zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya yi sama, har ta daina gane mutane. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jini, abin da suke kira sefsis. Muna zaune jugum a baranda sai ga wani mutum da farar rigar ma'aikatan lafiya, ya yi sallama, ya zauna kusa da Yaya. "Alhaji, Allah ya ba ta lafiya. Amma gaskiya jininta seleniyam yake buƙata." Ya buɗe waya ya nuna wasu takardun Turanci, ya ce a Jamus da shi ake warkar da irin wannan, likitocinmu ne ba sa so a sani. Kwalba ɗaya naira 85,000. A zuba ta cikin robar da ake ba ta abinci ta hanci, da dare, kada nas ta gani.

Wannan "kada nas ta gani" ɗin ne ya tsaya mini a rai, na je na sami likitan.

Wayon mutumin shi ne ya cakuɗa ƙarya da gaskiya. Seleniyam sinadari ne da jiki ke buƙata, ana samunsa a kifi, ƙwai da nama, kuma yakan ragu a jinin masu sefsis. Shi ya sa aka gwada shi, a Jamus ɗin ma kuwa. An yi gwajin a kan marasa lafiya sama da 1,000 a sassan kulawa ta musamman 33, aka fitar da sakamako a 2016: waɗanda aka ɗura wa seleniyam mai yawa ta jijiya ba su fi sauran tsira ba. Ƙa'idojin jinyar sefsis na ƙasa da ƙasa na 2016 ma cewa suka yi kada a ba da shi don wannan ciwo. Nan ne ɗan tallan bai karanta mana ba.

Kuma yawansa guba ne. Babban mutum maikirogiram 55 kawai yake buƙata a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). In ya yi yawa, gashi ya zube, farce ya lalace, ga amai da gudawa, baki na warin tafarnuwa. A Amurka a 2008, wani ruwan ƙarin kuzari ya zo da seleniyam kusan ninki 200 na abin da aka rubuta a jikinsa, mutum 201 suka kamu da rashin lafiya. To ina ga kwalbar da ba lambar NAFDAC, ba sunan kamfani, an liƙa mata takarda da hannu, a ce za a ɗura wa matar da ƙodarta ke ƙoƙarin tsayawa?

Abin da likita ya nema shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, ƙarin ruwa, iskar oksijin, da wanke mahaifa inda cutar ta taso. Can kuɗin Yaya suka tafi.

Da muka kira masu gadi, mutumin ya sulale. Wata mai jinya ta ce ita ta WhatsApp ya bi ta, ya ce ta tura rabin kuɗi a ajiye mata kwalba domin saura biyu. Mu ma saura biyu ya ce mana.