Fork ko Sam Rayburn: wanne ya dace da baƙo mai kwana biyu?

Ɗan uwa, ka ce kana Houston a jihar Texas ta Amurka, kana da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, kuma kana so ku fita kai da yaronka fatsar kifin bass a wani ƙarshen mako na watan Maris. Ba ka taɓa shiga dam ɗin Fork ko na Sam Rayburn ba, kana tambaya wanne za ka fara gwadawa. Na yi fatsa a duka biyun, kuma ni dai Rayburn zan tura ka, amma bari ka ji dalili.

Fork ne mai suna, kuma ba a banza ba. An tare ruwansa a 1980, faɗinsa kusan eka 27,000 ne, yana gabas da Dallas kusa da garuruwan Quitman da Alba. A cikinsa Barry St. Clair ya kama bass mai nauyin laba 18.18 a watan Janairun 1992, wato sama da kilo 8, kifin da ya zama zakaran gwajin dafi a jihar Texas. Abin da ya sa kifinsa ke ƙiba haka abu uku ne: an zuba masa irin bass na Florida tun farko, an bar itatuwan kurmin a tsaye ruwa ya cinye su suka zama maɓoya, sannan doka ta tsare kifin. Duk bass ɗin da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole ka mayar da shi ruwa nan take.

Ka tsaya a kan wannan dokar, domin mu mun saba abin da ƙugiya ta kamo tukunya ce makomarsa. A Fork, kifin da zai faranta maka rai, mai laba 4 ko 5, shi ne daidai wanda ba ka da ikon tafiya da shi. Babba zai fahimta. Yaro kuwa, wanda ya sha rana tun safe ya jawo kifi da hannunsa, yana da wuya ya gane me ya sa aka sake shi.

Sannan itatuwan nan da suka yi wa kifi rana su ne tarkon baƙo. Yawancinsu sun karye daidai saman ruwa, kututturen na nan ƙasa ido ba ya gani. Akwai hanyoyin jirgi da aka yi wa alama da tulluna masu yawo, kuma wanda ya kauce musu da gudu ya sayi wahala. Zuwana na farko na kauce kaɗan kawai, farfelar injina ta daki kututture ta lanƙwashe, rabin Asabar ɗin a neman gyara ta tafi. Ƙari a kan haka, kifin Fork ya ga koton roba iri-iri har ya waye, ga jirage birjik a watan Maris. Baƙon da ba shi da ɗan jagora yana iya wuni bai ji an taɓa masa zare ba.

Rayburn wata duniya ce. An tare kogin Angelina a 1965, ruwan ya mamaye eka 114,500, ya ninka Fork fiye da sau huɗu, kuma shi ne dam mafi girma da ke cikin Texas gaba ɗayansa. Daga Houston tafiyar kamar awa biyu da rabi ce zuwa wajen Jasper, alhali Fork zai ci maka kusan awa huɗu. Ga mai kwana biyu wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: ka idar da sallar Juma'a, ka kama hanya, ka isa da sauran haske. Dokarsa ita ce ta jiha baki ɗaya, bass ya kai inci 14, guda 5 a rana, saboda haka za ku koma gida da na miya. Kifin yana zama a gefen ciyawar ruwa da gindin ƙananan bishiyoyin da ruwa ya hau, wuraren da ido ke gani, ba sai da na'urar gano kifi mai tsada ba.

Aibinsa girmansa ne. Idan iska ta taso, tsakiyar dam ɗin kan yi igiyar da ƙaramin jirgi ba zai iya da ita ba, kuma ba na so ka raina wannan kana tare da yaro. Kada ka ce za ka zagaye shi. Zaɓi reshe guda, misali Ayish Bayou, ka sauke jirgi a mashiga mafi kusa da shi, ku yi kwanakinku biyu a nan. Shi ma yana da kututture a sassan sama, don haka a bi a hankali, kuma rigar ceto ta zauna a jikinku muddin inji na aiki.

Watan da ka zaɓa ya yi. Da ɗumin ruwa ya doshi digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, bass kan bar zurfi ya matso bakin gaɓa don yin ƙwai. Nemi lungun da iska ba ta bugu, wanda rana ke haskawa da hantsi. Tanar roba mai duhun kore, da ɗan dalma a gabanta da tsinin ƙugiya a ɓoye cikin robar, ta ishe ku. Ba ta maƙalewa a ciyawa, kuma yaro zai iya sarrafa ta. A jefa, a bari ta nutse, a riƙa jan ta sannu-sannu.

Ka yanki lasisin fatsa na hukumar Texas Parks and Wildlife kafin ka tashi. Yaron da bai kai shekara 17 ba ba ya buƙata. Ka duba dokar dam ɗin ta bana a manhajarsu, ka zubar da duk ruwan da ke cikin jirgi kafin ka bar bakin dam domin doka ce, kuma ku ɗauki guzurinku daga gida, don naman halal ba shi da sauƙin samu a ƙauyukan can.

Fork kuma ka ajiye shi sai ranar da za ka ɗauki ɗan jagora na wuni guda, ku shiga jirginsa, ka bar naka a gida.