Taman Negara ko Mulu: Amsa ga Mai Kwana Biyar a Malesiya

Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce za ka samu kwana biyar bayan ka gama abin da ya kai ka Kuala Lumpur, kana tare da maiɗakinka da yaronku ɗan shekara tara, kuma ba ka son tsibirin Langkawi da sauran wuraren da kowa ke tururuwa, shi ya sa kake neman a zaɓa maka tsakanin Taman Negara da Gunung Mulu. Allah ya nufe ni da ziyartar duka biyun, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, ko da yake dukansu dazuzzukan kurmi ne da gwamnati ta keɓe, ba abu ɗaya ake zuwa nema a cikinsu ba.

Ta fuskar hanya, Taman Negara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Yana cikin yankin da babban birnin yake, ya ratsa jihohin Pahang da Kelantan da Terengganu, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 4,343. Daga Kuala Lumpur mota za ta bi da ku ta garin Jerantut zuwa ƙauyen Kuala Tahan, wanda shi ne babbar mashiga, cikin kimanin sa'o'i huɗu. Wanda yake so kuma yana iya sauka a Kuala Tembeling ya ƙarasa da dogon kwalekwale mai inji a kan kogin Tembeling, tafiyar da kan ci sa'o'i biyu zuwa uku. Mulu kuwa yana jihar Sarawak a tsibirin Borneo, babu titin da matafiyi zai bi ya isa can, hanya ɗaya ita ce ku tashi zuwa birnin Miri, sannan ku shiga ƙaramin jirgi mai farfela na kimanin rabin sa'a. Kada ka manta da fasfo, domin Sarawak tana da nata binciken shige da fice ko da daga cikin Malesiya mutum ya fito. Kuɗin jiragen nan na mutum uku shi ne babban abin da zai bambanta tafiyoyin biyu a aljihunka.

Abin da Taman Negara yake da shi shi ne dajin kansa. An keɓe shi tun ƙarshen shekarun 1930 da sunan Sarki George na Biyar na Ingila, aka sauya masa suna bayan samun 'yancin kai a 1957, kuma masana kan ƙiyasta shekarun kurminsa da miliyan 130. A cikinsa akwai giwaye da damisa mai zane da ɓaunar daji, amma gaskiya ita ce da wuya baƙon kwana uku ya yi ido huɗu da ko ɗaya daga cikinsu, saboda ganye ya rufe ko'ina, dabbobin kuma sun fi mutum sanin hanyar ɓuya. Na kwana a ɗaya daga cikin rumfunan leƙen dabbobi da suke kira bumbun, waɗanda aka gina a kan dogayen ƙafafu suna fuskantar wurin da namun daji ke zuwa lasar gishiri, muka raba dare muna haska tocila bi da bi, ba mu ga komai ba sai barewa ɗaya da idanunta suka yi ƙyalli ta juya. Duk da haka ban yi da-na-sanin daren ba, domin ƙarar gyare da kwaɗi da ta cika kunnena har asuba abu ne da ban taɓa jin irinsa ba. Da rana ana hawa tudun Teresek, ana shiga kwalekwale zuwa Lata Berkoh inda ruwa ke gangarowa kan duwatsu, kuma akwai gadar igiya da aka ɗaura tsakanin manyan itatuwa, wadda tsayinta daga ƙasa ya kai mita 40 a wasu wurare. Sai dai akan rufe gadar don gyara, saboda haka ka tabbatar tana buɗe kafin ka yi wa yaro alkawarinta.

Mulu bai kai Taman Negara girma ba, amma dukiyarsa tana ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama mai yawa ya daɗe yana cin duwatsun farar ƙasa na yankin har ya haƙa koguna masu ban al'ajabi, kuma wannan na daga dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya a shekarar 2000. Kogon Clearwater kaɗai an auna fiye da kilomita 200 na hanyoyinsa. Akwai kuma zauren Sarawak, wani ƙaton ɗakin kogo wanda masu binciken koguna daga Birtaniya suka gano a 1981, mai tsawon kimanin mita 600 da faɗin fiye da mita 400, ko da yake wannan sai ƙwararru ake kai wa. Wanda zai fi shafarku shi ne Kogon Barewa. Ana isa gare shi ta kan dandamalin katako na kusan kilomita uku a cikin kurmi, shimfiɗaɗɗe, wanda yaro zai taka ba tare da wahala ba. Tun kafin ka shiga warin kashin jemage zai tare ka, yana hawa hanci kamar an buɗe kwalbar magani, sannan idan ido ya saba da duhu sai ka ɗaga kai ka ga rufin yana can sama ƙwarai, da wani baƙin tabo mai faɗi a jikinsa, wanda ja-gora zai gaya maka jemagu ne a maƙale.

Da la'asar sakaliya, wajen ƙarfe biyar zuwa shida da rabi, jama'a kan zauna a wani fili da ke fuskantar bakin kogon. Jemagun, waɗanda ake ƙiyasta yawansu da miliyoyi, sukan fito rukuni-rukuni, su yi ta kewayawa a gaban dutsen, sannan su miƙe a sararin sama kamar baƙin zare mai murɗewa, shaho kuma yana bin gefensu yana fizgar na fizga. Na ga dattawa sun yi shiru baki buɗe, na kuma ji kaina ina tasbihi ba tare da na shirya ba. Idan ana ruwa ba su cika fitowa ba, shi ya sa bai kamata mutum ya ba Mulu yamma ɗaya tak ba.

A nan ne bambancin da ya fi muhimmanci yake. A Taman Negara kai ne kake nema, daji kuma yana iya ba ka yana iya hana ka, kuma an bar maka 'yancin bin gajerun hanyoyin da ke kusa da mashiga kai kaɗai. A Mulu abin da ka je gani yana nan ba ya gudu, amma ba a shiga koguna sai da ja-goran hukumar wurin, a lokacin da aka tsara, da adadin mutanen da aka ƙayyade, don haka wanda bai yi rajista da wuri ba yana iya isa ya tarar an cike.

Wuraren biyu suna da hawan da ake alfahari da shi, amma ba na mai iyali ba ne. Tsaunin Tahan, mai tsayin mita 2,187, yakan ci kusan mako guda zuwa da dawowa daga Kuala Tahan, zuwa wurin duwatsu masu tsini da kaifi na tsaunin Api a Mulu kuma sai an yi kwana uku, da hawa mai tsanani a kan tsani da igiya.

Game da abinci da ibada, Kuala Tahan ƙauyen Musulmi ne 'yan ƙabilar Malay, akwai masallaci, kuma gidajen abincin da ke shawagi a kan kogi ba za su sa ka cikin shakka ba. A Mulu mazauna yankin 'yan ƙabilun Berawan ne da Penan, wuraren cin abinci kuma kaɗan ne, saboda haka ka tambayi masaukinka game da halal tun kafin ka biya. Matsattsaku kuwa suna ko'ina a dazuzzukan biyu, musamman bayan ruwa. Na cire takalmi a Teresek na tarar da safata ta jiƙe da jini ban ji ko cizo ba, don haka ku sa doguwar safa ku cusa wando a ciki. Daga Nuwamba zuwa Janairu damina kan tsananta a Pahang har kogi ya cika, alhali Mulu ba shi da wani watan da za a ce babu ruwa.

Idan aljihu zai ɗauki jiragen, ni Mulu zan kai yaro ɗan shekara tara, kwana uku a can, biyu a hanya, domin zai koma gida da abin da ya gani da idonsa. Idan kuwa kuɗin ya yi nauyi, ku tafi Kuala Tahan da kwalekwale ku dawo da mota, kuma ka gaya masa tun a gida cewa ba lallai ne ya ga giwa ba.