Shagon tsofaffin littattafai da na samu tarihin sarakunan Ingila a nan Sakkwato

Jama'a in kuna neman tsofaffin littattafan tarihi akwai wani ɗan shago can wajen babbar kasuwa, ba shi da ko allo a ƙofa, wani dattijo ne ke zama ciki da rediyonshi. Ƙanena ke karatun tarihi a jami'a, anka ba su aiki kan sarakunan Ingila, munka zagaya shaguna uku babu, sai wani mai shayi ya kwatanta muna wurin.

Ina faɗa mai abin da muke so sai ya ce "ɗana, na Henri mai mata shida ko na Charles da anka sare ma kai?" Wallahi nan na san mun zo wurin da ya dace. Ya tashi ya jawo wani kwali ƙarƙashin benci, ya busa ƙura, ya fiddo wani katon littafi mai jan bango na Turanci, a ƙarshenshi har da takarda mai ninki da anka zana salsalar gidan sarautar tun daga Henri na Bakwai a 1485. Dubu huɗu ya ce, munka daidaita a dubu uku da ɗari biyar.

Littafin ƙanena anka saya ma amma ni na fara cinye shi. Henri na Takwas ya hau a 1509, saboda Fafaroma ya ƙi raba aurenshi da Katarin sai ya ɓalle a 1534 ya ce shi ne shugaban cocin ƙasar, kuma Anne Boleyn ɗin da ya yi duk rigimar dominta a 1536 ya sa anka fille mata kai. Wazirinshi ma Thomas Cromwell bai tsira ba, 1540 anka kashe shi. Abin ya taɓa ni ƙwarai, mutum ya yi ma bauta shekara da shekaru ka saka mai da takobi.

Amma inda na daɗe shi ne babin Charles na Ɗaya, mutumen da ya yi shekara 11 daga 1629 yana mulki bai kira majalisa ba, yana ta karɓar harajin jiragen ruwa har ga garuruwan da ba su kusa da teku, daga ƙarshe yaƙi ya ɓarke tsakaninshi da majalisa a 1642 kuma ranar 30 ga Janairun 1649 anka sare mai kai a bainar jama'a a Landan. Shekara 155 kenan kafin jihadin Shehu na 1804, kuma mu nan mun san harajin zalunci na cikin abin da anka yi kuka da shi kan sarakunan Gobir, shi ya sa babin ya shige ni sosai.

Inda ban ji daɗi ba, shafi kusan goma sun cire daidai wurin dawo da sarauta a 1660 bayan shekarun da ƙasar ta yi ba sarki, sai da munka isa gida na gani. Na koma na nuna mai, bai yi musu ba ya ce "yi haƙuri ɗana, haka anka kawo min shi", ya maido min ɗari biyar. Kuma ba ya karɓar tiransifa, ku riƙo kuɗi a hannu, sannan ku je da safe don shagon ba fanka, bayan azahar ba a iya tsayuwa ciki. Ya ce yana da wani kan Sarauniya Elizabet ta Ɗaya a gida, Asabar zai taho min da shi.