Wata uku a ajin hutun unguwarmu: abin da na gani, da abin da ya rage a gyara

Mata da yawa sun tare ni a hanyar kasuwa, wasu kuma ta WhatsApp, suna tambayata ko ajin hutun nan da na sa yarana kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amsa ɗaya-ɗaya ta yi mini yawa, shi ya sa yau na rufe keken ɗinki da wuri na zauna in rubuta. Ni tela ce a nan Tawa, a Nijar. Maigidana yana Abijan wajen bida, wato ci-rani, kamar mazan yankinmu na Adar da yawa, shekara biyu ke nan bai zo ba, don haka duk shawarar da ta shafi karatun yara a kaina take faɗawa.

Wurin ba wani babban gini ba ne. Tsakar gidan wani tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, da ya yi ritaya: rumfar kwano, inuwar dogon yaro guda, tabarmi, allon bango biyu, da akwatin ƙarfe da ake ajiye littattafai. Yana buɗewa daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, wato tsawon babban hutu. Jaka biyu ce a wata ga kowane yaro, wanda ya kawo biyu a rage masa dala ɗari. Ana shiga ƙarfe tara, bayan yara sun taso daga makarantar allo, a tashi kafin azahar. Ranar Alhamis, da yake babu allo, ana komawa bayan la'asar don gwajin wasa. In an kwana ana ruwa kuwa babu aji, domin Mushe ya san rabin yaran gona za a tafi da su. Wannan kaɗai ya nuna mini mutumin ya san garin da yake zaune.

Saboda ɗana na je. Shekararsa goma sha ɗaya, ya maimaita CE2, wato aji huɗu na firamare, kuma har lokacin in ka buɗe masa shafin da ba a yi a aji ba sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Haddacewa yake yi, ba karantawa ba. Ban ga laifin malaminsa ba, na taɓa leƙa ajin, yaran sun haura saba'in. Amma abin yana cina a rai, musamman da na ga ya fara cewa shi gara ya girma ya bi babansa.

Satin farko ko littafi ba a buɗe ba. An ce kowane yaro ya je gida ya roƙi gatana wurin kakarsa ko innarsa ya kawo. Yaro zai tsaya ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", sauran su amsa, ya ba da labarinsa, Mushe kuma yana rubutawa a allo da Hausa, kalma bayan kalma, yadda ta fito daga bakin yaron. In ya gama sai a ce masa: to, ga maganarka nan, nuna mana inda ka ce Gizo. Ɗana ya kai wadda mahaifiyata ta ba shi, ta Gizo da ya je aron riga. Ran nan ya dawo da gudu, ko takalmi bai cire ba, ya ɗauki allin da nake zana yadi da shi ya rubuta "ƙoƙi" a jikin ƙofa. Ya ce, "Inna, kin san akwai k mai ƙugiya? Ita ce ta ƙofa, ita ce ta ƙosai." Shekara biyar yana zuwa lakwal, sai ranar ya gane cewa baƙaƙen nan sauti suke ɗauke da shi, kuma sautin nasa ne.

A nan ne gwanintar Mushe take. Ya ɗauki kwanaki yana raba musu rubutun Faransanci da na Hausa: abin da Bafaranshe zai rubuta da "ou" mu "u" ne, "ch" nasa "sh" ne namu, "tch" kuma "c" ɗaya tak. Da sunan garinmu ya yi musu misali, yadda yake a allon bakin hanya da yadda muke faɗarsa. Sai da suka zauna daram a kan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sannan a wata na biyu ya dawo da su kan littafin Faransanci, rabin awa kullum. Na tambaye shi ko wannan ba zai rikita yaro ba. Ya ce, "Ɗiyata, wanda ya iya hawan jaki ba ya jin tsoron doki. Karatu sau ɗaya ake koyonsa." Ya gaya mini tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara koyar da yara da Hausa, kuma shi kansa ya yi shekaru yana koyarwa a irin waɗannan makarantu. Yanzu ga shi tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, amma yaran unguwarmu nawa ne za su iya rubuta wa iyayensu layi biyu da ita?

Daga tsakiyar Agusta aka raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ƙirƙiro wasan kwaikwayonta, ta rubuta a kaye, wato littafin rubutu, da hannunta. Mushe ba ya ba su labari, tambaya kawai yake yi: wa ya shigo, me yake so, wa ya hana shi? Ƙungiyar ɗana ta yi wasa a kan gidan da maigida ya tafi bida. Akwai wurin da matar take zuwa ofishin karɓar kuɗi sau uku ana ce mata saƙo bai iso ba, ta dawo ta ɗora tukunya da ruwa zalla don kada maƙwabta su gane. Ni ban taɓa gaya wa kowa na yi haka ba. Ashe yara suna gani. Ɗana ya fito a tsohon gidan, da rawani da sanda, yana tari yana faɗa. Yaron da ba ya iya ɗaga ido a aji, ga shi yana sa tsakar gida cike da manya dariya, ni kuwa ina share hawaye da bakin mayafi.

Mahaifiyata da ta zo kallo ta ce abin ya tuna mata zamanin Samariya, lokacin Seyni Kountché, da kowace unguwa ke da ƴan wasanta da ƴan rawarta ana gasa har zuwa matakin ƙasa. Ni abin da na tarar shi ne wasannin su Yazi Dogo, mu taru a gidan mai talabijin mu zauna a ƙasa. Ta kuma ba yaran labarin wasan kara, yadda samari bayan girbi suke naɗa sarkinsu da gwamnansu da sojojinsu, da bindigogin kara, suna kwaikwayon manya a gaban manyan. Mushe ya roƙe ta ta dawo ta sake faɗa, yara suka rubuta. Ta yi sati tana ba ƙawayenta labari.

Sai kiɗa. Wani dattijo mai gurmi yana zuwa Litinin da Laraba. Kafin ya bari yaro ya taɓa tsirkiya sai ya nuna masa yadda ake haɗa abin, daga ƙoƙon har fatar da ake rufe shi da ita, da yadda damina take sa fata ta saki sai an kai ta rana. Kalangu ma haka, yadda ake matse shi a hammata murya ta hau, a saki ta sauka. A nan na samu matsala a gida. Wan maigidana ya zo har shago ya ce, "Mu ba mu gaji roƙo ba. Ɗanmu ba zai rataya ganga ba." Na ba shi girmansa, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka zo ka gani da idonka." Bai zo ba. Na aika wa uban yaron murya na bayyana masa komai, ya ce in dai allo bai taɓu ba, kuma ba gidan biki za a kai shi ba, a bar shi. Ni dai a ganina yankin da ya haifi mawaƙi Ɗan Gurmu, har aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa, bai kamata yaransa su tashi ba su san yadda ake riƙe gurmi ba. Cibiyar koyon kiɗa ta gwamnati tana Yamai, fiye da kilomita 500 daga nan. Ɗan tela ba zai je can ba. Kokowa, wadda a nan Tawa aka fara gasarta ta ƙasa a 1975, tana da filinta da masu ɗaukar nauyinta. Kiɗa da wasan yara kuwa sai tsakar gidan wani tsoho.

To, yanzu abin da bai yi mini daɗi ba, kuma na faɗa wa Mushe a gabansa kafin in rubuta a nan.

Babba shi ne sha'anin ƴan mata. Ɗiyata shekararta goma sha huɗu, ta fi ƙanenta kai nesa ba kusa ba, amma abin da ta samu bai kai rabin nasa ba. Gurmi biyu ne da kalangu ɗaya ga yara sama da arba'in, kuma duk a hannun maza suke ƙarewa. Mata an ba su ƙwarya da waƙoƙin gaɗa. Gaɗa abu ne mai kyau, ni ma na yi ta a dandali, amma ita ta riga ta iya, abin da ba ta iya ba ta je nema. Shara da ɗebo ruwa kuma kullum su ne. Wata ɗaliba daga jami'ar garin nan ta zo taimako a Agusta, a sati ukun da ta yi ƴan matan suka farfaɗo, har ɗiyata ta rubuta waƙa mai baiti goma sha biyu. Da ɗalibar ta tafi komai ya koma yadda yake. Ban da haka, makewayi ɗaya ne, ƙofarsa buhu ne da iska ke ɗagawa. Yarinyar da ta fara girma ba za ta shiga ba. Na san uwaye biyu da suka cire ƴaƴansu saboda wannan kaɗai, kuma ba su faɗi dalili ba don kunya. Gwajin ranar Alhamis ma yakan kai har kiran magariba, sau biyu na biya kabu-kabu na je ɗaukarta.

Ruwan sha randa ɗaya ce, kafin sha ɗaya ta ƙare. A bakin ƙofa akwai kwatami da ruwa ke kwanciya duk Agusta, lokacin da zazzaɓin sauro ya fi kama yara. Littattafan cikin akwati za su kai sittin, amma yawancinsu na Faransanci ne da aka kawo daga waje, da hotunan ƙanƙara da jiragen ƙasa. Na Hausa na ƙirga su da hannuna, goma sha ɗaya ne, ɗana ya gama da su kafin Satumba ya fara maimaitawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne zuwan baƙi. An ce wasu masu ba da tallafi za su zo, sai aka ajiye karatu sati biyu cur ana gwajin rawar tarba. Ranar da za su zo aka jera yara tun ƙarfe takwas, ba su iso ba sai kusan sha biyu. Suka ɗauki hotuna, suka tafa, ba su cika minti arba'in ba suka shiga mota. Wasan da yaran suka rubuta da kansu ba su tsaya sun gani ba. An yi alkawarin littattafai, har aka rufe aji ba mu ga ko ɗaya ba. Na ce, "Baba Mushe, sati biyun nan da kuɗinmu muka saye su." Ya yi shiru, sannan ya buɗe mini kayen lissafinsa. Cikin yara arba'in da uku, goma sha bakwai ba sa biyan ko dala, marayu ne da ƴaƴan waɗanda suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro. Ladan mai gurmi da alli da ruwa duk daga kuɗin sauran suke fita, in bai isa ba ya cika da fanshonsa. Na fahimci abin da ya sa ya sa rai da baƙin. Duk da haka ina nan a kan bakata, kwana biyu sun isa shirin tarba.

Ga wadda yaronta ya kai CE1 ko CE2 yana haddace shafi ba ya karantawa, ko mai yaro mai nauyin baki, ina ce mata ta kai shi ba tare da dogon tunani ba, ta haɗa shi da gorar ruwa da kaye biyu. Wadda take neman a shirya mata yaro don BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba nan ba ne, babu lissafi babu kimiyya. Mai ɗiya budurwa kuma ta fara zuwa da kanta ta duba ko an sa ƙofar nan, ta kuma tambaya ko an samu malama mace.

Mu uwaye shida mun yi magana za mu haɗa dala ɗari-ɗari daga adashenmu a sayi ƙofar kwano da randa ta biyu kafin Yuli mai zuwa, ni kuma na ɗauki ɗinkin kayan wasa kyauta. Mushe ya yarda a ware Laraba gurmi ya zama na ƴan mata. Shekaranjiya ɗana ya karɓi salulata ya rubuta wa babansa saƙo da Hausa, layi huɗu, yana tambayarsa ko zai zo kafin babbar salla. Ƙugiyar ɗ ce kawai ya nema ya rasa a salular, ya tambaye ni inda take.