Facebook ko WhatsApp: wanne ya fi amfanar ɗan kasuwar Maradi?

Facebook ne babba, tun 2004 Mark Zuckerberg ya kafa shi a jami'ar Harvard. WhatsApp ya biyo baya a 2009, Facebook ya saye shi a 2014.

Facebook dandali ne: ka baje hajarka, wanda bai san ka ba ma ya gani. Sai dai yana son mai karatu, yana kuma cin kuɗin intanet.

Ni dai WhatsApp na zaɓa, saboda saƙon murya. Alhajin da bai yi boko ba zai danna ya yi magana da Hausarsa, abokin cinikinsa na Jibiya ko Katsina ya ji farashin wake nan take. Abin da ke damuna shi ne jita-jita, wadda ke yawo cikin zaurukansa ba mai tantancewa.